Gidajen Turawan Shayi da Wayar Wutar Ɗakina

Lokacin da bango yake gumi ne na je Guangzhou. Ban san sunan da mutanen garin suke kiran wannan yanayi ba, amma yana zuwa ne bayan sanyi ya wuce, kafin zafi ya kankama. Ba ruwa ake yi sosai ba, iska ce take cika da danshi har ta yi nauyi. Da safe ruwa yana tsiyaya a jikin bango da madubi, ƙasan ɗaki yana santsi kamar an zubar da miyar kuɓewa. A shanya zani kwana uku, a ɗauko shi yana warin fumfuna. Shekarar ma ba ta da daɗi. Kuɗinmu sun faɗi, duk ɗan kasuwar da ya shigo gaishe ni maganarsa ɗaya ce, kaya sun yi tsada, mutanen gida ba sa iya saye. Kowa yana neman inda zai rage wani abu.

Wankan jego ne ya kai ni. Matar ɗana ta haifi namiji, mahaifiyarta kuma ta rasu tun tana ƙarama, ga shi tafiya gida da tsohon ciki ba ta yiwu ba. Sai aka yi mini takardu na tafi. Suna zaune a Panyu, can sama a wani dogon bene, inda in na leƙa taga mutane suke komawa kamar tururuwa. Babu ganyen darbejiya, babu murhu, babu babbar tukunya. A butar lantarki nake tafasa ruwa, in juye, in sake ɗorawa, har bokiti ya cika.

Shi wannan ɗa nawa ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na kalli tsakiyar idonsa mun yi doguwar magana ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi. In ina son ya ji wata magana, sai in faɗa wa ƙanwarsa yana zaune a wurin, shi kuma ya san da shi nake. A gida wannan ba ya da wuya, akwai mutane. A nan kuwa ɗakuna uku ne ƙanana, daga ni sai shi sai maijego sai jariri.

Sana'arsa kayan wuta ce. Yana sa a yi masa wayar wuta da soket da makunni a masana'anta, ya cika kwantena ya tura Kano, ƙaninsa ya sayar a shago. Ɗakin da aka ba ni rabinsa kwalaye ne, kowanne da hoton giwa shuɗiya a jiki. Na san kwalayen nan, don bara da aka sake wa gidana wayar wuta irinsu ƙanin nasa ya kawo daga shago, har na ajiye biyu ina zuba busasshiyar kuɓewa da barkono. Wata rana ina shara na ja wasu guda huɗu da ke bayan ƙofa zan haɗa su da sauran. Maijego ta taso da sauri.

"Inna, bar waɗannan a nan. Ya ce kada a haɗa su. Na gidan da yake ginawa a Kano ne."

Na duba. Ban yi makarantar boko ina yarinya ba, sai da na aurar da 'ya'ya biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka karatuna a hankali yake, da yatsa nake bin baƙaƙe. Na bi rubutun wannan kwali, na bi na wancan. Harafi ɗaya bai bambanta ba. Abin da ya raba su kawai wani ɗan jan zare da aka ɗaura wa na bayan ƙofa. Na ce to, na ci gaba da sharata.

Ranar wata Lahadi ɗana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce wa matarsa, "Inna ta yi sati uku ba ta ga gari ba. Yau za mu fita da ita da Alhaji."

Alhajin nan dattijo ne ɗan zangon Gana, shi yake yi masa lodin kwantena. Ya fi shekara ashirin a garin, bakinsa ba ya shiru, Hausarsa kuma irin tasu ce da take mai da mace namiji. Da ya gan ni ya ce, "Hajiya, ka zo lafiya? Yau za ka ga inda kakannin lawban suka zauna." Lawban shi ne maigida da yaren garin, haka yake tsokanar ɗana.

Muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, muka canja wani, muka fito kusa da kogi. Wata 'yar gada muka haye, sai na ga kamar an fita daga ƙasar gaba ɗaya. Hayaniya ta ɗauke. Manyan itatuwa masu saiwoyi suna reto daga sama kamar gemu, a ƙarƙashinsu gidaje jere, masu ginshiƙai da dogayen baranda da tagogin katako. Hazo ya kwanta a kan ruwa, ganye yana ɗiga ko da ba a ruwa. Amare na mutanen garin suna ta ɗaukar hoto da fararen riguna, suna ɗage gindin rigar kada ya jiƙe.

Na tsaya na ƙura wa gidajen ido. Na san irin ginin nan. Akwai ƙannensa a unguwar Turawa ta Kano, da wajen tashar jirgin ƙasa. Mahaifina ɗan dako ne a kantin wani Bature mai sayen gyaɗa, yana saurayi. Yakan ba mu labari cewa Baturen yana zama a baranda irin wannan, ƙafa a kan kujera, ana auna buhuna a ƙasa, bai taɓa saukowa ya ga fuskar manomin da ya kawo ba. A kantin ana sayar da akoko, yadin nan da yake yagewa wanki biyu. Mahaifina ya ce shekarun da ya yi a wurin bai taɓa ganin akoko a jikin Baturen ko a jikin matarsa ba. Nasu tufafin a akwati daban suke zuwa.

Ɗana yana gaba, hannuwa a baya, yana ɗaga kai yana kallon ginshiƙai.

"Alhaji, ka ga mutane," in ji shi. "Sun baro ƙasarsu da jirgin ruwa, wata da watanni a teku, ba su jin yare, ba su san kowa ba. Suka tara abin da jikokin jikokinsu suke ci har yau. Dubi gini, ko tsagewa bai yi ba. Irin wannan barandar zan sa a yi mini."

Alhaji ya yi dariya har da tari. "Ai 'yan kwantena ne irinmu, lawban. Ka san Shisanhang da matanmu suke saro riguna? Can rumbunansu suke tun farko, kafin su samu wannan wurin. Hajiya, ka san me suka sayar?"

Na ce ban sani ba.

Ya zauna a kan wani benci ya ba ni labari. Ya ce Turawan Ingila shayi suka zo saye, da siliki. Mutanen ƙasar nan kuwa ba su ga abin da suke so a kayan Bature ba, duk abin da aka nuna musu sai su ce meyo, ba ma buƙata. Sai Turawan suka samo wani baƙin ƙaro da ake tatsa daga wani fure a ƙasar Indiya, ana shan hayaƙinsa a lofe. Wanda ya saba da shi sai ya kwanta, ya manta da gona, ya manta da mata da 'ya'ya, ya sayar da ƙofar gidansa ya saya. Hukumar ƙasar ta hana, ta ƙwace ta lalata, sai aka turo jiragen yaƙi. Bayan an ci su ne aka ba Turawan wannan tsibiri suka yi gine-gine. Da suka ƙoshi suka koma gida, suka sayi gonaki da manyan gidaje, aka riƙa ba su sarauta.

Na kalli wata taga da ke rufe a sama. Sai na tambaye shi a hankali, "To, su sun kai wa iyayensu mata wannan ƙaron?"

"Wa? Shayin suka kai gida, Hajiya. Shayi mai kyau." Ya juya ya zunguri ɗana da gwiwar hannu. "Kamar lawban ne. Na kasuwa daban, mai jan zare daban. Ko ba haka ba? Ni nake lodi, ni na san nauyin kowane kwali."

"Alhaji, bar wannan wasan," in ji ɗana. Bai yi dariya ba. Ya dubi inda nake da gefen ido, ya ce a zo a ɗauki hoto.

Aka tsayar da ni a gaban ginshiƙan. Hoton yana nan, na fito kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Da la'asar muka dawo. Shi ya wuce masallaci tare da Alhaji, maijego tana barci da jaririnta. Na shiga ɗakina na rufe ƙofa. Na ɗaga kwali mai jan zare, na ɗaga na sauran. Gaskiyar Alhaji ne, ɗaya ya fi ɗaya nauyi nesa. Na ɗauko 'yar wuƙar da nake yanka albasa, na gutsuro waya kamar tsawon yatsa daga kowanne, na fere robar. Duka biyun ja suke, suna ƙyalli. Amma mu mata mun san yadda ake gane ɗankunnen da aka yi wa ruwan gwal. Na kankare na mai jan zare, ja ne har ciki. Na kankare na biyu, sau biyu kawai na ja wuƙa, sai ga fari fat ya fito, irin ƙarfen tukunyar alminiyon. Jan a sama kawai aka shafa. Na lanƙwasa shi sau uku ya karye a hannuna.

Na zauna a bakin katifa. Bangon yana ta tsiyaya.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne makunnin fankar ɗakina na Kano, yadda yake ɗumi in na taɓa shi, kamar goshin yaro mai zazzaɓi. Sai wani wari da nake ji wani lokaci in an kawo wuta da ƙarfi, kamar ana ƙona leda a nesa, in fita tsakar gida in duba ban ga komai ba. Na tuna 'yata, ƙanwarsa, da ta dawo gidan da 'ya'yanta uku don ta tsare mini shi har in koma. Sana'arta ƙanƙara da zoɓo, ta taho da manyan firij biyu. A Kano kuwa lokacin tsakiyar bazara ne, ko'ina fanka, ko'ina an jona abu. Na tuna gidan mai ɗinki da ke ƙarshen layinmu, da muka je ta'aziyya shekara biyu da suka wuce, muka zauna a kan tabarma a waje don babu ɗakin da ya rage. Aka ce wutar lantarki ce. Kullum haka ake cewa, a yi addu'a a tashi. Ban san inda suka sayi wayarsu ba. Har yau ban sani ba, kuma ban da ƙarfin halin tambaya.

Na ji ɗana ya buɗe ƙofar falo. Na rasa yadda zan yi. Shekara kusan arba'in ban taɓa tsayar da shi na tuhume shi ba. Sai na je na ɗauko jaririn, na zauna da shi a kan cinya a ƙasan falo, na ajiye guntayen wayar nan biyu a kan faranti a gabana. Shi yana kan kujera yana duba salularsa. Maijego ta fito tana gyara ɗankwali.

Na ce wa jaririn, "Maigidana, ka tashi? Zo ka ga abin da matarka ta gano yau. Ka ga wannan, shi za a sa maka a sabon gidanka mai baranda. Ka ga wannan farin kuma, shi ne na mutane."

Ya ɗago kai.

"Amma maigidana, akwai abin da babanka bai sani ba. Bara da aka gyara wutar gidan tsohuwar matarka, baban naka ya aiko da kuɗi ya ce a sayi waya mai kyau. Baffanka ya ce, a'a, mu da muke da shago cike da kayan yaya za mu je mu sayi na wani? Kayan gida ne, ai babu wanda ya fi shi. Ya mayar mini da kuɗin na yi cefane. Ya ɗebo masu hoton giwa daga shago. Ba ko ɗaya mai jan zare."

Salular ta zame daga hannunsa ta faɗi a kan kafet. Maijego ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi."

"Inna, daga shago?" Muryarsa ta canja. "Duk gidan?"

Jaririn na ci gaba da yi wa magana. "Duk gidan. Har ɗakin da 'yan uwanka uku suke kwana, kusa da firij."

Ya ɗauki salular. Lokacin a Kano hantsi ne. Ya kira ƙanwarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Ya kira ƙaninsa, a kashe. Ya miƙe, ya je taga, ya dawo. Ƙarar kiran nan tana fita a fili, ruwa yana ɗiga daga saman taga. Ni dai ina jijjiga yaro ina karanta abin da ya zo bakina. A kira na biyar ta ɗauka, tana dariya, ana jin yara a bayanta.

"Yaya, yi haƙuri, ina ɗaura zoɓo. Tun asuba aka kawo wuta, yau kam mun dace, duka biyun suna aiki."

"Je ki kashe. Ki kashe daga mita, yanzu, ina kan layi."

"Ƙanƙarar fa? Ko kamawa ba ta gama yi ba."

"Na ce ki kashe!"

Muka ji takunta, muka ji ƙarar abin da ta ja. Ta dawo tana mita, ta ce dama allon mitar ya yi zafi, sai da ta sa gefen zani. Na karɓa na ce mata ta kwashe yaran da firij ɗin su koma gidan yayata, kada a sake kunna komai sai na dawo. Ta ce lafiya? Na ce lafiya, ta yi yadda na ce.

Ya zauna ya riƙe kai. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe zan tura waɗannan huɗun ta jirgin sama. Cikin sati za a cire ta gidan gaba ɗaya a sa mai kyau."

Maijego ce ta yi maganar da ban sani ba. Ta ce a hankali, "Goben ba ita ce za ka je masana'anta ka ba da aikin sabuwar kwantena ba?"

Ya harare ta. Sannan ya fara bayani, yana kallon bango. Ya ce ba shi ya fara ba. Ya ce su masu masana'antar ba ruwansu, samfuri biyu suke ajiye maka a tebur, su ce lawban wanne kake so, kai ne mai zaɓa. Ya ce in ya kai mai kyau zalla, na kusa da shi zai karya farashi, mutane su wuce shagonsa, don yanzu mai saye kuɗin kawai yake tambaya. Ya ce in ba a ɗora mata kaya da yawa ba, tana iya shekaru ba abin da ya faru.

Na miƙa wa maijego ɗanta. Na juya na kalle shi, ido cikin ido. Na ga ashe yana da furfura biyu a gefen kunne, ban taɓa lura ba.

"Ba za a taɓa wayar ɗakina ba," na ce. "Yaran sun tashi, su ba su san komai ba. Ni in na gama wankan nan zan koma ɗakina, in kunna fankata, in kwanta a ƙarƙashin abin da ka sayar wa uwayen mutane. Ranar da ka daina aika ta, ranar za a cire tawa."

"Inna, don Allah."

"Ban iya dogon zance ba. Ka ji abin da na ce."

Aka kira magariba a salularsa, ya tashi ya yi alwala. Abincin da aka ajiye masa haka aka ɗauke shi a rufe. Bai ce zai fasa ba, bai ce ba zai fasa ba.

Washegari na tashi kafin kowa. Bangon ya jiƙe fiye da kullum, har hoton giwar da ke kwalin ƙasa ya fara narkewa. Na tafasa ruwa buta bayan buta, na yi wa maijego wanka, na gasa wa jariri cibiya, na dama kunun kanwa na rufe mata. Sannan na sa atamfata ta fita unguwa, na zura hijabi, na ƙulle guntayen wayar nan biyu a bakin zanina. Na ɗauki kujera na ajiye a bakin ƙofar fita, na sa takalmi na zauna.

Da ya fito da jakarsa a hannu ya gan ni, sai ya tsaya. Na ce wa maijego, da ke tsaye a bayansa, "Faɗa masa yau tare za mu je masana'antar. Ina so in ga wanda zai nuna da yatsa."